Mota ta daina ja, sai a ce "a sauke inji": yaushe za mu daina wannan ɓarna?



Daga Lafani muke rubutu yau, a nan ƙasar Illela, inda in ka ƙara gaba kaɗan ka shiga Birnin Ƙwanni ta Nijar. Maganar gareji muka zo da ita, kuma mun san wani zai ce me ya haɗa mu da baƙin mai. Abin da ya haɗa mu shi ne, a garuruwa irin namu mota ɗaya takan riƙe gida biyu ko uku. Ita ce abincin yara, ita ce kuɗin magani, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Ranar da ta kwana a gareji, ba mai ita kaɗai ke kwana da yunwa ba.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. Wani dattijo maƙwabcinmu yana da mota mai shan gas, tsohon yayi, irin waɗanda suka gama aiki a Turai suka biyo ta Kwatano. Da ita yake kai fasinja da kaya kasuwar Illela ran Lahadi, wani lokaci ya miƙa har Sakkwato ta Gwadabawa da Kware. Bayan hunturu sai ta fara sanyin jiki. In ba kaya tana tafiya lafiya. In aka loda mata albasa aka taka totur, sai ta yi kamar wani ya riƙe ta ta baya. Ba hayaƙi, ba wata baƙuwar ƙara, ba ta shan baƙin mai. Ja ne kawai babu.

Ya kai ta gareji. Maigidan wurin bai gama ɗaga bonet ba ya ce, "Alhaji, wagga mota ta gaji. Sai an sabke inji."

Dattijo ya ce, "To Malam, ba ka aza wani abu ka gwada ba tukuna?"

Ya ce, "Shekara nawa ina wanga aiki, Alhaji? Da ji na san ta."

Aka sauke. Sati uku mota tana zaune. Ya sayar da san da yake kiwo don Babbar Salla, aka sa sabon ringi, aka sa sabon gaskit. Ranar da aka fara loda mata kaya, ciwo yana nan inda aka bar shi. Aka ce to ai nozul ne, aka canza nozul. Yana nan. A ƙarshe wani yaro mai koyon aiki a wani garejin ya cire tiyon mai daga tanki, ya tsoma shi cikin jarka mai tsabtataccen gas, ya ce, "Baba, ja mu gani." Mota ta ja kamar ba ita ba. Da aka kwance tanki, sai ga laka da ruwa da tsatsa sun toshe ragar da ke bakin bututun mai. Abin da gyaran gaskiya ya ci bai kai cinikin kasuwa ɗaya ba. Sa kuwa ya riga ya tafi.

Wannan ba tsautsayi ba ne da za a ce ya faɗa wa mutum ɗaya. Ɗabi'a ce da ta zauna mana: mu fara da mafi tsada, mu gama da mafi araha. Mu canza kaya ɗaya bayan ɗaya har mu dace, sannan mu kira shi gyara. Sunansa na gaskiya lalube cikin duhu, kuma da aljihun talaka ake yin sa. Muna cewa duk bakaniken da ya furta "a sauke inji" kafin ya gwada abin da ake gwadawa da jarka da kwalba, ya zalunci mai mota, ko da bai yi niyya ba. Muna kuma cewa mu masu motoci muna da hannu dumu-dumu a ciki, za mu zo kan wannan.

Kafin nan, mu fahimci abin da muke magana a kai, don ba tsafi ba ne. Injin gas ba shi da filogin da ke ƙyasta wuta kamar na fetur. Iska yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta. Matsin nan ke sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai lokacin sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Haka Rudolf Diesel ya tsara shi a Jamus, injinsa ya yi aiki a 1897, kuma har gobe tushen bai canza ba. Hitar da direba ke jira da safe kafin ya tayar, aikinta ɗumama ne kawai.

Ke nan abu biyar inji ke bukata kafin ya ja: isasshiyar iska mai tsabta, isasshen mai mai tsabta, feshi a kan lokaci, matsi a cikin silinda, da hanyar da hayaƙi zai fita. A cikin biyar ɗin nan, ɗaya ne tak gyaransa ke bukatar a buɗe cikin inji, wato matsi. Sauran huɗun duk daga waje ake taɓa su. To ina dalilin da zai sa a tsallake huɗu a daka wa na biyar tsalle?

Gyaran kirki da tambaya yake farawa, kamar yadda likitan kirki ke yi. Yaushe abin ya fara? Rana ɗaya ya zo ko a hankali? Da sanyin safiya ko sai inji ya yi zafi? A ina aka sha mai na ƙarshe? Inji ba ya tsufa a dare ɗaya. Motar da jiya ta ja yau ta ƙi, a nemi abin da ya toshe, ko ya fashe, ko ya zare.

Sai a tabbatar ma laifin na inji ne. In ka taka totur ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa. In ka yi 'yar tafiya ka kai hannu kusa da ƙafafun mota ka ji ɗaya ta fi sauran zafi, birki ne ya riƙe. In kuma motar mutum biyar ce ka ɗora mata mutum tara da buhu shida, to ita ce ya kamata ta kai ƙararka.

Daga nan sai salansa, domin hayaƙi ba ya ƙarya. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa: ko filtar iska ta toshe, ko tiyon turbo ya tsage, ko nozul yana ɗiga maimakon ya fesa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin mai na fita bai ƙone ba, a duba lokacin feshi da hita da ruwa a cikin mai. In farin kamar tururi yake, ruwan lagireto kuma yana raguwa, a zargi gaskit. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko daga turbo. In kuwa ba hayaƙi ko kaɗan, ga shi kuma ba ja, kamar motar maƙwabcinmu, mafi yawa yunwa inji ke ji, mai ba ya isa gare shi. Wannan karatun kyauta ne, ido kawai yake so.

Filtar iska kuwa, wanda ya san ƙurar hanyoyinmu tsakanin Disamba da Maris ba ya bukatar dogon bayani. Lissafin kilomita da kamfani ya rubuta a littafin mota ba don hazon ƙasar Sakkwato aka yi shi ba. Amma me muke yi? Mu kai ta wurin mai faci ya hura mata iska da ƙarfi, takardar ta yi ƙananan huji da ido ba ya gani, mu mayar muna murna mun tsira da kuɗi. Wasu ma cire ta suke yi gaba ɗaya wai don mota ta sha iska. Ƙurar da ta wuce nan ita ke cin fukafukan turbo, ita ke goge ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Garin neman gira a rasa ido. Injin da a ƙarshe za a sauke da gaskiya, sau da yawa a nan aka fara kashe shi.

Ɓangaren mai ya fi ko'ina sauƙin gwaji. A tsiyayi kaɗan daga ƙasan filta a farar kwalba a ajiye minti kaɗan. Ruwa ya fi gas nauyi, in yana ciki zai kwanta a ƙasa kowa ya gani. A sa ɗan guntun tiyo mai haske kafin famfo, in kumfa na bi ta ciki to iska na shiga layin daga wani wuri. A buɗe murfin tanki, in ya yi tsaki yana zuƙar iska to hujin numfashinsa ya toshe. Sannan a yi abin da yaron nan ya yi, a shayar da inji daga jarka mai tsabta, in tsarin motar ya ba da dama. In ya ja, an san ciwon yana tsakanin tanki da filta. Duka wannan bai kai awa ɗaya ba.

Mota mai turbo, a bi tiyoyinta da hannu. Inda ya tsage za a ga danshin baƙin mai, a kuma ji fito in an taka. Turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, amma ƙaramar tsaga a tiyo ta isa ta zubar da duk iskar da ya tara. Nawa aka canza turbo mai lafiya saboda zoben ɗaure tiyo ya saki?

Motocin da suka fito daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, irin su Fijo 406 HDi da Hilux na baya-bayan nan, suna da ƙwaƙwalwa da sensoci. In ƙwaƙwalwar ta ga abin da bai yi mata ba, da gangan take rage ƙarfin inji don ta kare shi. Direba ya ji mota ta mutu a hannunsa, ya kashe ya sake tayarwa ta dawo, can gaba ta sake. A nan kwamfuta ake jonawa ta faɗi inda ta ga matsala. Sau da yawa bawul ɗin EGR ne, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, ya cika da baƙin toka ya maƙale. Ko sensar da ke auna iska ta yi datti. Ko matatar hayaƙi da ke cikin salansar sababbin motoci ta toshe.

Sai bayan an wuce duk waɗannan ake zuwa kan nozul da famfo, su ma gwada su ake yi. A tsohon yayi, ana sassauta bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, wanda aka sassauta ƙarar inji ba ta canza ba, a silindarsa ciwon yake. Amma muna roƙon iyayenmu makanikai da babbar murya: kada a yi wannan a motar zamani. Matsin man da ke cikin bututunta yakan ninka na tayar mota sau 500 ko fiye, yana iya huda fata ya shiga jiki, hannu ya lalace. Irin waɗannan, ana jona ƙananan kwalabe masu girma ɗaya a layin da ke mayar da mai, nozul ɗin da ya cika kwalbarsa ya bar saura shi ne mai yoyo. Ɗaya za ka gyara, ba huɗu ba.

Na ƙarshe shi ne matsi, kuma shi ma yana da ma'auni. Ana ɗaura geji a gurbin hita ko nozul, a juya inji, allura ta nuna lambar kowace silinda. In lambar ta faɗi ƙasa da abin da kamfani ya ce, to yanzu "a sauke inji" ta zama magana mai hujja. Kafin nan shaci-faɗi ce.

To, laifi tudu ne. Mun taka namu mun hango na bakanike, yanzu mu sauko mu dubi ƙafarmu.

Mu ne ba ma biyan kuɗin tunani. Bakanike ya ɓata awa biyu yana bin layin mai, ya gano ƙaramar raga ce ta toshe, ya wanke ya mayar, sai mu ce, "Ai ba ka canza komai ba," mu miƙa masa kuɗin shayi. Wanda kuwa ya baje mana inji a ƙasa, muka ga ƙarafa zube a kan buhu, shi muke ƙirga wa kuɗi ba gardama, har mu ce ya sha aiki. Shi ma fa yana da iyali, yana da yaran gareji da ke jiran na abinci. Mun nuna masa cewa gaskiya ba ta kawo kuɗi, ɓarna ke kawowa. Me muke tsammani zai zaɓa? Kasuwar da ke hukunta mai bincike ta saka wa mai lalube, mu muka kafa ta da hannunmu.

Mu ne kuma ke zuwa gareji da hukuncinmu a baki. "Nozul ne, canza min," don wani direba a tasha ya ce tasa ma haka ta yi. Mu ne ke neman filta mafi araha a shago, alhali mun san araha ba ta ado. Mu ne ke tafiya da wutar gargaɗi a kunne wata uku, wani ma ya liƙe ta da salatif don kada ta dame shi.

Sai maganar mai, wadda a bakin iyaka take da nata tarihin. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019. A Nuwamban shekarar hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa a ciki muke. Sai a Disamba 2020 aka buɗe iyakar Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Kowane rufi yana tura mutane wurin 'yan bumburutu, yana kuma tsadar da kayan gyara. Ba mu zo zagin masu sayar da mai a jarka ba, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma sun fitar da mu kunya ranar da famfo ya bushe. Amma durom da ke kwana a waje yana tara raɓa a ciki, mazurarin da ke ajiye a ƙasa yana kwasar yashi, wani kuma ba ya jin tsoron gauraya gas da kananzir. Famfo da nozul da santsin gas ɗin kansa suke samun maiƙo. In aka tsinka shi, ko ruwa ya shiga, ƙarfe ke cin ƙarfe. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In dole ta sa ka sha a jarka, ka bar man ya kwanta, ka tace da kyalle mai tsabta, kada ka juye na ƙasan, ka kuma riƙa tsiyaye filta.

Ko man gidan mai ma yana da labari. A Satumba 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa ta auna gas ɗin da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda sinadarin farar wuta da ke cikinsa ya ninka abin da dokar Turai ta yarda sau 378. A Turai iyakar ita ce kashi 10 cikin miliyan. A 2020 ne ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Motar da aka ƙera don wancan man, ta zo tana shan wanda ya fi shi datti, dole ta riƙa toshewa da wuri. Wannan ƙarin dalili ne na a fara neman toshiya kafin a nemi tsufa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce bakaniken ƙauye ba shi da geji, ba shi da kwamfuta. Gaskiya ne, amma kwalba da jarka da guntun tiyo ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma da su ake kama rabin ciwon. Za a ce tsofaffin hannu da kunne suke gane inji. Wannan ma gaskiya ne, mun ga waɗanda Allah ya ba wannan baiwar, muna girmama su. Amma kunne zato yake bayarwa, gwaji ke tabbatarwa, kuma gwanin gaske ba ya jin haushin a ce ya gwada. Za a ce masu kwamfutar ma cuta suke yi. Akwai su: ya jona, ya goge lambar, wuta ta mutu, ya karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo. Wani kuma kwamfuta ta ambaci sensa, sai ya canza sensa, alhali waya ce ɓera ya ci. Kwamfuta unguwa take nuna maka, kai za ka nemo gidan. Mai lalube da na'ura da mai lalube da sifana duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mu ga wanda ya gagara a ciki ba.

Masu motoci, mu ware kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, mu biya shi da daɗin rai ko da noti ɗaya aka ɗaure. Kafin mu yarda a canza wani abu, mu yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Malam, me ka gwada da ya nuna maka shi ne?" Mu karɓi tsohon kayan da aka cire. Mu ajiye ɗan littafi a mota, mu rubuta ranar da aka canza filta da baƙin mai da inda aka sha gas.

Shugabannin makanikai na ƙungiyar NATA da na direbobi na NURTW a yankinmu, ku zauna ku tsayar da kuɗin bincike da kowa zai sani, don kada mai gaskiya ya riƙa kwana da yunwa. Abin da gareji ɗaya ba zai iya saya ba, gareji goma za su iya: gejin matsi ɗaya, kwamfuta ɗaya, a ajiye wurin amintacce ana haya. Hukumomin da ke horas da masu sana'a, irin su NADDC da ITF, su tuna cewa motocin da ke ɗauke da abincin ƙasar nan ba a manyan birane kaɗai suke lalacewa ba.

Iyayen gida a gareji kuma, ku koya wa yaranku bin layi kafin kwance noti. Yaron da ya fara da sauke inji zai tsufa yana sauke inji. In kuma ƙaramin cikinsu ya ce a gwada jarka, a saurare shi, ba raini ba ne.

Maƙwabcinmu yana nan yana zuwa kasuwa, motar tana ja. Sai dai bana bai yi layya da san da ya ci burin yi da shi ba, har yanzu kuma akwai sauran bashin nozul a kansa. Nozul ɗinsa na asali, masu lafiya, suna cikin leda a ƙarƙashin kujerar direba.

Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, musamman 'yan uwanmu masu sana'ar, fili a buɗe yake, a zo da hujja mu ƙaru. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a abin hawanmu.